Karsanar Rakiya da Igiyar Kano

Tun da na dawo daga Kano ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a rumfar Kiyari mai cajin waya sai wani ya ce, "Isufu, ba mu labarin Kano." Na faɗa har muƙamuƙina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya tafi ya ƙara nasa. Jiya na ji ana cewa wai sanda na ɗaga wa ɗan duwan, wato kwastan, a kan iyaka. Shi ya sa na ce bari in rubuta da hannuna. Wanda ya ga rubutun a karkace ya yi haƙuri. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko kenan, malamin ya ce da babana in je in taimaka masa da awaki, ya fi alheri ga kowa. Sauran a wajen yaƙi da jahilci na tsinta, da furfura a gemuna.

Ni dillalin bisashe ne a nan Gure. Autata Rakiya tana shekarar ƙarshe a jami'a a Damagaram, kuma akwai wani babban rubutu da suke kira memwar, wanda in ba ka kai shi kan lokaci ba, karatunka duka ya tsaya sai baɗi. Ba a karɓarsa da alƙalami, sai an buga a ordinatar. Da ta ƙawarta take lallaɓawa, ƙawar kuma ta karɓe abinta don ita ma nata ya taso. Sai Rakiya ta zo gida ta ce, "Baba, a sayar da karsanata."

Jar karsana ce, kakarta ta Alakos ta ba ta tana 'yar maraƙa lokacin da ta ci jarrabawar shiga jami'a. Ita kenan abin da yarinyar ta mallaka a duniya. Ni na kai ta kasuwa, ni na sayar, na kwance igiyar wuyanta na kawo gida na rataye a ɗakin Rakiya. Wanda bai tashi cikin bisashe ba bari in gaya masa: ba a sayar da bisa da igiyarta. Mai saye shi ke zuwa da tasa. Igiya ita ke riƙe da arzikin garke, in ka bari ta bi baƙo, sa'arka ka sallama. Liman ya sha yi mana wa'azi cewa wannan ba shi da tushe. Na yarda da shi. Amma ni na sayar masa da ragonsa bara, kuma na ga inda ya cusa igiyar.

Rakiya so ta yi a saya a butik a Damagaram, inda ake ba da takardar garanti. Na ce, "Mai butik dillali ne, ni ma dillali ne, na san abin da muke yi. A hannun mai kiwo ake samun ta ƙwarai." Dama Alhaji Sabo na Kano, wanda ya daɗe yana sayen ragunan layya ta hannuna, ya ce min maƙwabciyarsa za ta sayar da tata. Aka turo hotuna. Rakiya ta duba ta ce lalle ta fi wadda kuɗin karsana zai saya a butik.

"Amma Baba, in ta lalace wa za mu kama?"

Na bugi ƙirji na ce, "Ni za ki kama."

Uwarta Gambo tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "An kama ka a yi me da kai?"

Na shiga kar, babbar motar haya, da safe, kuɗin karsana ɗaure a cikina da tsohon rawani, ga 'yar jakar dabino da cuku na tsaraba. Kusa da ni wani ɗan Bune ne da ya rantse ya san Kano kamar gidansu, ya yi ta ba ni shawara har Gidimuni. Can da aka tsaya sayen rake ya amsa cewa shi iyakarsa Matamaye. A Damagaram na canza sefa zuwa naira. Nan na ga abin mamaki: na ba mutumin abin da ke shiga tafin hannu, ya miƙo min dami. Na ɗaura shi duka a ciki. Da na miƙe, wata mai awara ta matsa min benci ta ce in zauna a hankali.

A kan iyaka aka sauke mu, kowa ya fito da katinsa. Jami'in ɓangaren Najeriya ya dubi katina, ya dubi fuskata ramammiya, ya dubi cikina.

"Baba, me ke cikin nan?"

Na ce, "Karsana."

"Gaba ɗayanta?"

"Ban da igiya."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga mutumin da ya haɗiye saniya. Na ɗaga riga na nuna musu, na yi bayani, suka yi dariya suka ce in sauke rigar, in kuma daina nuna wa mutane in na shiga Kano. Wannan shawarar ta fi duk ta ɗan Bune.

Kano kuwa, ban san inda ta fara ba, na dai farga muna cikinta. Abin da ya fara ba ni haushi gaisuwarsu. Ka ce wa mutum ina wuni, kafin ka kai ga tambayar iyali ya tsallake titi. Mai adaidaita sahun da ya ɗauke ni yana tuƙi, yana waya, yana zagin wani mai mota, yana kuma tambayata ko gaskiya ne a Nijar raƙumi ke kai yara makaranta. Na ce ƙwarai, har shi ke duba musu aikin gida.

Alhaji Sabo ya sauke ni a ɗakin baƙinsa. Mutumin kirki ne, sai dai Bakano, kuma mu Damagarawa, don kakana daga can ya zo Gure, ba ma haɗuwa da Kanawa mu rabu ba mu taɓa juna ba. Ya ce ya sa an ɓoye tukunya tun da ya ji ina tafe. Na ce ya kyauta, dama ban zo da maganin ciki ba. Aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji, na ci har na kwance rawanin karsana. Abin da ban gane ba shi ne barcinsu. Zafi kamar gidan burodi, amma su kulle ƙofa, su kulle taga, su kunna inji a tsakar gida yana ruri don fanka ta juya. Na nemi tabarma in fita waje kan rairayi kamar mutum, aka ce babu rairayi, kuma wajen na sauro ne. Da safe aka kawo shayi a kofi mai girman ƙwarya, fari fat da madara, da burodi mai laushi kamar katifa. Na shanye na zauna ina jiran na biyu da na uku. Alhaji Sabo ya ce me nake jira. A Kano shayi sau ɗaya ne, kamar mutuwa.

Kafin mu je wajen maƙwabciyar, ya ce gara in ga kasuwar masu kwamfuta, haka suke kiran ordinatar, don kada in ce ya ja ni. Muka shiga wani layi da ke cike da su, an jera kamar kilishi. Na farko ya ce tasa daga Turai ta zo, wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, ba ta buɗe ta sai ranar Lahadi. Na biyu ma haka. Na uku da ya fara, na riga shi: "Ta tsohuwar nan ce?" Ya ce ashe na santa. Na ce na santa ƙwarai, duk saniyar da na sayar a Gure tata ce, ba ta taɓa bari ta yi tafiyar rana ba. Kowannensu yana da takardar garanti, da hatimi.

Mai ordinatar sunanta Malama Hafsatu, ungozoma ce a wani asibiti. Mijinta ya yi mana iso har falo. Ta fito da abin ta ajiye a tebur, baƙa, da igiyarta a jone a bango.

"Sannu da zuwa Baba. An ce daga Damagaram? Bari in ƙirga cokulana tukuna."

Na ce, "Ƙirga, 'yata. In sun cika, ba a Kano nake ba."

Na fara aikina. Na ɗaga ta na ji nauyi. Na juya cikinta. Na shinshina. Na buɗe bakinta na bi haƙoran da yatsa ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan. Sannan na yi tambayar da ake yi wa kowane mai bisa, wadda ba a taɓa amsa min da gaskiya ba: "Ta taɓa ciwo?"

"Ta taɓa faɗuwa daga gado, ga tsagar nan a kusurwa. Wannan harafin sai an danna da ƙarfi. In ta daɗe tana aiki tana zafi, kada a ɗora ta kan katifa."

Na duba kusurwar. Ni ban ga tsagar ba ma. Mai kaya ya faɗi aibun kayansa tun ba a gano ba, ko dai waliyyi ne, ko kuma akwai babban da yake rufewa da ƙananan. Na ce, "To me ya sa za ki sayar?"

"Wajen aiki sun ba ni sabuwa. Da ba haka ba ba na rabuwa da ita. Da ita na yi karatuna, da ita na ci jarrabawa, da ita na nemi aikin nan. Har wannan," ta nuna mijinta da haɓa, "a cikinta na fara ganin hotonsa."

Mijin ya ce, "Shi ne babban aibunta, Baba, ba ta faɗa ba."

Malama Hafsatu ta kira Rakiya ta waya mai hoto, suka yi ta shiga nan fita can da wani yare da ba Hausa ba, ba Faransanci ba. Can Rakiya ta ce a cire ta daga wuta a ga ko batirin na riƙewa. Wannan kam na gane. Ba a sayen bisa a ɗaure, sai an kwance ta an ga tafiyarta. Aka zare igiyar. Muka ci tuwo, muka yi azahar, muka dawo, idonta a buɗe tana jiranmu.

Alhaji Sabo ya ja ni gefe ya ce, "Ka dai yi tunani. Kuɗin yarinya ne. A nan babu takarda."

Na yi tunanin. Can akwai takarda da hatimi da tsohuwar Baturiya. Nan akwai tsaga a kusurwa, da gidan da na san ƙofarsa, da matar da ta ci tuwo kwano ɗaya da matar Alhaji Sabo shekara da shekaru. Na ce a yi ciniki. Ta yi albarka sau biyu don kada a ce Bakanuwa ta yi sanyi, na uku ta sallama. Karsana ta fita daga cikina, saura kuɗin mota.

Sai na ga ta naɗe igiyar ta tura cikin jakar tare da ordinatar.

Matar nan yanzu ta gama faɗa da bakinta cewa karatunta da aikinta da mijinta duk ta nan suka zo, ga shi za ta miƙa wa baƙo igiyar, tana murmushi. Na ce a raina Kanawa sun san kuɗi amma ba su san arziki ba. Da ɗan kasuwar can ne da na karɓe ko a jikina. Amma wadda ta nuna min tsagar da ban gani ba? Faɗa mata kuma ba zai yi ba, dariya za ta yi. A wajenmu in mai bisa ya manta, mai saye na kirki yakan mayar masa a ɓoye, ba tare da kunyata shi ba. Igiya kuma ai ba abin wahala ba ce. Wayata ba ta taɓa mallakar tata ba, Kiyari nake kai wa, yana da su a rataye kamar a turken awaki. Da ta shiga ciki kawo mana zoɓo, na zare igiyar na tura ƙarƙashin matashin kujera. Na fito gidan nan ina jin kaina mutumin kirki, har na ba almajiran hanya dabino ba su roƙa ba.

Abu ɗaya Malama Hafsatu ta koya min: inda ake dannawa mutum ya ga fuskarsa. A dawowa, ɗan duwan ɗinmu ya ce in kunna ya tabbatar ta hannu ce. Na kunna, ya ga kansa, ya gyara hularsa, ya kira na kusa da shi. Daga nan kuma ai shi kenan. A mota kowa sai ya gani. Wata tsohuwa a Mirya ta daɗe tana kallo ta ce wannan matar ta sha wahala, Allah ya ba ta lada. Ɗan Bune, da muka sake haɗuwa a tasha, ya ce shi ya san irinta, ya nemi a nuna masa sau uku.

Na iso Gure da la'asar, rabin unguwa na biye da ni. Aka shimfiɗa tabarma. Rakiya ta wanke hannu ta buɗe. Ordinatar ta yi haske, ta nuna wani ɗan jan abu a gefe, ta rufe ido.

Rakiya ta laluba jaka. Ta zazzage ta. "Baba, ina sharjar?"

"Wace?"

"Igiyar da ake jona ta a wuta."

Na gyara zama, don na ɗauka lokacin yabo ya zo. "Na bar wa mai ita."

Aka kira Kiyari ya zo da igiyoyinsa duka a kafaɗa. Ya gwada wannan, ya gwada waccan, babu wadda ta shiga bakinta. Ya ce irin wannan kowace da tata ake haifarta. A Gure babu, a Damagaram sai an dace, kuma in aka samu ta bogi tana iya ƙone ta. Kuɗin karsana kuwa na san inda ƙarshensu ya tafi, rake na sha da shi a Gidimuni.

Gambo ta ɗauki ordinatar ta juya ta ce, "Ba laifi. Za ta yi faifan rufe fura."

Rakiya ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko takardunta ta zauna tana rubutu da alƙalami, rubutun da ta san ba za a karɓa ba, igiyar karsanarta na rataye saman kanta. Lokacin kai memwar ya matso. Da ta yi min faɗa da na samu abin riƙewa.

Tunda nake ban taɓa roƙon mutum igiya ba. A sana'armu wannan daidai yake da ka ce masa ba ni sa'arka. Da safe na je rumfar Kiyari na karɓi wayata, na kira Alhaji Sabo, ya ba ni lambar Malama Hafsatu yana wani tari da ban yarda da shi ba. Kunnena ya yi nauyi, dole Kiyari ya buɗe muryar kowa na ji, rumfar kuma a cike.

Na gaishe ta. Na tambayi maigida, na tambayi aiki, na tambayi masu haihuwa da waɗanda aka haifa, na tambayi zafi, na koma kan maigida.

"Baba, maigidan nan lafiyarsa ƙalau tun ɗazu. Akwai magana ne?"

"Dama... batun igiyar nan ne."

"Wace igiya?"

"Ta ordinatar."

"Au, arzikina? Ai Alhaji Sabo ya yi min bayani. Na gode ƙwarai. Na sa a akwati na kulle."

Na ce, "'Yata, ni na yi wauta, ba yarinyar ba. Karsanarta kenan guda. In akwai yadda za a yi, ko aro ne, ta gama rubutun in dawo miki da ita da ƙafata."

Sai na ji muryarta ta sauko. "Baba, tun jiya da safe na gan ta ina shara, na ba direban motar Damagaram. Tana hanya. Na sayar da abubuwa da yawa, ban taɓa ganin mai sayen da ya damu da abin da zai rage min ba. Ni na ci rabona a jikinta. Ka gaya wa Rakiya ba aro ba ne, har sa'ar na haɗa mata." Kafin in samu bakin godiya ta ƙara, "Amma cukun nan da ka kawo wa Alhaji Sabo, an ɗanɗana min. Kuɗin igiya kenan. Kuma cokalina ɗaya bai cika ba."

Igiyar ta iso hannu zuwa hannu, daga direba zuwa direba, a cikin ledar burodi. Da aka zo jonawa sai ga kanta da ƙafa uku, bangonmu kuwa rami biyu gare shi. Na tashi zan ɗauko wuƙa in rage ɗaya. Mutum huɗu suka riƙe ni, Kiyari ya kawo wani ɗan abu ya haɗa su. Ordinatar ta buɗe ido. Rakiya ta yi kwanaki tana bugawa, tana danna harafin nan da ƙarfi, ta gama da sauran lokaci.

Cuku ya tafi Kano, da cokali sabo guda. A kasuwa yanzu ba na sayar da ko akuya sai wani ya tambaye ni, "Isufu, da sharjarta ko babu?" Ina jin su. Ina kuma kwance igiyata in sa aljihu.

Ranar da Rakiya za ta koma Damagaram na raka ta tasha. Zip ɗin jakarta ya lalace, sai na ga ta ɗaure ta tam da igiyar karsana, ta Kano kuma tana ciki a naɗe. Na ce mata ai liman ya ce abin nan ba shi da tushe.

Ta ce, "Na sani, Baba. Riƙe min jakar in hau. Jakar kawai, kada ka buɗe."